Kunne ya girmi kyamara: David Simon da marubutan finafinan Kano

Wata Laraba bayan sallar isha'i muna zaune a teburin wani mai shayi ta bayan Titin Gidan Zoo, ni da wani abokina marubucin fim, sai wayarsa ta yi ƙara. Furodusa ne, kuma irin masu maganar nan da ba sa bukatar lasifika, don haka duk abin da ya faɗa a kunnena. Jarumar da ke riƙe da rabin labarin ta samu wani aiki a Kaduna, ba za a gan ta ba sai bayan sati biyu. Gidan da aka aro don ɗaukar fim ɗin kuwa, mai shi ya ce jibi iyalinsa za su dawo.

"To Alhaji, ai ita ce za ta tona asirin a kashi na tara," in ji abokina.

"Malam, ka tura ta Umara, ko ka kwantar da ita a asibiti. Ƙanwarta ta tona asirin."

"Ba ta da ƙanwa, Alhaji."

"Ka yi mata. Sin uku nake so kafin asuba."

Ya ture kofin shayinsa gefe, ya sunkuya a kan waya da manyan yatsunsa biyu. Kafin mai shayi ya kwashe kwanukansa an haifi ƙanwa, an raɗa mata suna, an sa ta a jami'a, har saurayi an ba ta.

Ban kawo wannan don in yi wa furodusan dariya ba. Kuɗinsa ne ke ƙonewa, kowace rana da aka kwana a lokeshan akwai abincin mutum ashirin da man janareto da hayar kyamara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne matsayin da abokina yake da shi a cikin aikin da shi ne ya ƙirƙiro shi daga babu. Jaruma ta yanke shawara, mai gida ya yanke shawara, mai kuɗi ya yanke shawara, sannan aka kira marubuci ya zo ya share wurin. Idan an gama fim, sunansa zai gilma a ƙarƙashin "Labari" ko "Tsarawa" cikin daƙiƙa biyu. Ka tare masu kallo goma a Kabuga ka tambaye su wa ya rubuta shirin da suke hana kansu barci saboda shi. Za su faɗa maka jarumi, su faɗa maka darakta, wasu har mawaƙin da ya yi taken shirin. A kan marubuci za a fara sosa ƙeya.

Tun daga daren nan nake yawan tuna wani Ba'amurke mai suna David Simon, wanda ya rubuta kuma ya shirya The Wire, shirin talabijin mai dogon zango na tashar HBO ta Amurka. Na san akwai masu cewa me ya haɗa kifi da kaska, ina Kano ina tashar HBO. Zan zo kan wannan, don suna da hujja. Amma hanyar da mutumin ya bi ta cancanci a tsaya a dube ta.

An haifi Simon a 1960, kuma bai fara da fim ba. Ɗan jarida ne a jaridar Baltimore Sun tun farkon shekarun 1980, aikinsa bin labaran 'yan sanda da kisan kai a birnin Baltimore, garin da masana'antunsa suka durƙushe, ƙwaya ta mamaye unguwannin talakawansa. A 1988 ya ɗauki hutu daga jarida ya tare a sashen binciken kisan kai na 'yan sandan birnin, shekara guda cur. Yana bin su wurin gawa, yana zama a ɗakin tambayoyi, yana jin irin barkwancin da suke yi don kada zuciyarsu ta buga. Abin da ya tara ya zama littafi a 1991, littafin kuma tashar NBC ta mayar da shi shirin talabijin da ya gudana daga 1993 zuwa 1999. A nan ya fara koyon rubutun fim, a ƙarƙashin waɗanda suka riga shi a sana'ar.

Bai tsaya a ɓangaren hukuma ba. A 1993 shi da Ed Burns, wanda ya yi shekara ashirin yana aikin ɗan sanda a garin, suka koma wata mahaɗar tituna a yammacin Baltimore inda ake cinikin ƙwaya a fili, suka shafe shekara suna zama da masu sayarwa da masu sha da iyayensu. Wannan ma ya zama littafi a 1997, sannan gajeren shiri na HBO a 2000. Simon ya bar jarida a 1995. Da The Wire ta fara fita a 2002, mutumin ya riga ya kwashe kusan shekara ashirin yana sauraron garinsa ta kowane ɓangare.

Shirin ya yi zango biyar, kashi 60, ya ƙare a 2008. Tsarinsa shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa. Zangon farko 'yan sanda ne da dilolin ƙwaya. Na biyu sai ya kwashe mai kallo ya kai shi tashar jiragen ruwa, wurin lebarorin da aikinsu ke mutuwa. Na uku siyasar ofishin magajin gari, na huɗu makarantun gwamnati, na biyar gidan jarida. Duk zango sai a buɗe wata ƙofa ta garin, kuma abin da ake tararwa a ciki iri ɗaya ne: mutanen da suka shigo da niyyar yin aiki, da tsarin da ke saka wa wanda ya iya gyara alƙaluma. Shugaban 'yan sanda na rage girman laifi a takarda don a ce tsaro ya inganta. Makaranta na koya wa yara amsar jarrabawa don a ce ilimi ya ƙaru. Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati a ƙasar nan zai ji kamar da shi ake.

Salon rubutunsa yana da abubuwan da idan marubucinmu ya kawo su, furodusa zai ce a sake. Ba ya yi wa mai kallo bayani. Ɗan sanda na magana da kalmomin aikinsa, yaron bakin titi na magana da nasa, ba wanda zai tsaya ya fassara maka. Kai za ka bi su har kunnenka ya saba, kamar baƙon da ya shiga Kantin Kwari ranar farko. Turancin unguwannin Baltimore da ke cikin shirin har Turawan Ingila da yawa sai da suka riƙa kunna rubutun ƙasan allo kafin su gane. Ba ya sa kiɗan da zai gaya maka yanzu lokacin kuka ne. Kusan duk kiɗan da za ka ji daga rediyon mota ne ko wani shago da ke cikin labarin. Kuma ba ya tsoron kashe wanda aka fi so. Idris Elba, wanda yanzu duniya ta sani, a shirin ya yi suna, kuma ana tsakiyar yayinsa aka kashe shi a cikin shirin a ƙarshen zango na uku saboda nan labarin ya kai shi. Ka ƙaddara a nan Kano marubuci ya shiga ofis ya ce zai kashe jarumin da fuskarsa ke kan fosta.

Ɗakin marubutansa ma abin dubawa ne. Burns bayan ya bar aikin ɗan sanda ya koyar a makarantar gwamnati, shi ya sa zangon makarantu ya fito da ƙamshin aji na gaske. Akwai tsofaffin 'yan jarida, ɗaya ya san siyasar garin, ɗaya ya taso cikin dangin ma'aikatan jirgin ruwa. Akwai marubutan littattafai irin su George Pelecanos da Richard Price da Dennis Lehane. Cikin 'yan wasa har da Melvin Williams, tsohon babban dilan ƙwaya wanda Burns na cikin waɗanda suka bincike shi aka ɗaure shi a shekarun 1980. Bayan ya fito aka ba shi matsayin dattijon coci mai yi wa matasa nasiha.

Duk wannan ba zai yiwu ba da Simon ya tsaya a matsayin marubuci kawai. A talabijin ɗin Amurka babban marubucin shiri shi ne kuma babban furodusa. Shi ke zaɓen 'yan wasa, shi ke duba aikin edita, darakta kuwa ana ɗauko shi ne ya yi kashi ɗaya ko biyu ya tafi wani ya zo. Alƙalami da wuƙar yanka suna hannu ɗaya. Idan wani abu ya taso a lokeshan, wanda ya san inda labarin zai je a kashi na ƙarshe shi ke yanke hukunci. Har a can ma ba kyauta aka ba su ba. Yajin aikin da marubutan fim na Amurka suka yi a 2023, na kwana 148, cikin abubuwan da suka yi faɗa a kai har da yawan marubutan da za a ɗauka a shiri da kuma barin su su kasance a wurin har lokacin ɗauka.

Abin da yake ba ni takaici shi ne wannan tsari ba baƙo ba ne a Kano. Da shi aka fara. Lokacin da fim ɗin bidiyo ya kankama bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, da yawa cikin waɗanda suka riƙe harkar marubutan littattafai ne da suka ɗauki labarinsu suka mayar da shi fim da kansu. Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi, Bala Anas Babinlata ya yi, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta kuma ta shirya. Kafin su akwai wasannin CTV, tashar da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa wadda yanzu ake kira ARTV, da na gidajen talabijin na Kaduna inda su marigayi Ƙasimu Yero da marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, suka yi zamaninsu. Galibin waɗannan wasanni ba su da cikakken rubutu. A zauna a tsara inda za a fara da inda za a tsaya, sauran ɗan wasa ya cike da bakinsa. Amma 'yan wasan nan da rana ma'aikata ne, 'yan kasuwa ne, malaman makaranta ne. Samanja soja ya yi, shi ya sa Hausar barikinsa ba ta kama da ta kwaikwayo. Kunnen da Simon ya yi shekaru yana nema, su da shi suka zo.

Daga baya kasuwa ta karɓe ragama. Mai sayen kaset a Ƙofar Wambai ya fi kowa sanin abin da zai shiga, kuma abin da zai shiga shi ne fuskar da aka sani da waƙa uku. Labari ya koma igiyar da ake shanya waƙoƙi a kai. Marubuci ya zama ɗan kwangila: a biya shi sau ɗaya, a karɓe takarda, a yi sallama. Da kasuwar faifai ta mutu, Arewa24 ta zo a 2014, sannan kasuwar YouTube ta buɗe, sai harkar ta koma fim mai dogon zango. Daɗin Kowa, Kwana Casa'in a 2019, Labarina da Izzar So a 2020, daga nan kowa ya shigo. Kuma a nan ne lissafin ya canza ba tare da an lura ba. Fim ɗin awa biyu fuskar jarumi na iya ɗaukarsa. Shirin da zai yi kashi sittin ko ɗari ba abin da zai riƙe shi sai rubutu. Bukatar marubuci ta ninka, matsayinsa yana nan inda zamanin kaset ya bar shi.

Ana ganin sakamakon a allo. Ka kalli yawancin shirye-shiryen nan ka ƙirga wuraren da labari ke faruwa: falo, ɗakin kwana, bakin get, cikin mota, sai ofis. Ofishin nan kuwa na wani "kamfani" ne da har shirin ya ƙare ba za ka san me yake sayarwa ba. Alhaji na zaune yana sa hannu a fayil, sakatariya ta shigo ta ce baƙi sun iso daga Dubai. A garin da kasuwanci ne jininsa! Garin da yake da Kwari da Singa da Kurmi da Dawanau da 'Yan Kaba da Farm Centre, kowace da harshenta da dokokinta da ba a rubuta ba.

Na taɓa yin awa biyu a shagon wani ɗan uwana a Kwari ina jiran ruwa ya tsagaita. A cikin awa biyun nan na ga yaron shago ya karɓi baƙuwa daga Nijar ya kai ta shago uku da ba na ubangidansa ba, ya dawo ya karɓi la'adarsa a ɓoye a kowanne. Na ga an ba da kayan miliyoyi bashi ba takarda ba shaida, da kalma ɗaya, "sai ka juyo". Na ga wani dattijo da aka ce shekara goma da suka wuce shi ke ba rabin layin kaya, yanzu yana zaune a bencin wani yana jiran a aike shi. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya mari wani, ba a yi kiɗan tashin hankali ba. Amma akwai amana da cin amana da hassada da karayar arziki, duk a fili, sun isa zango uku. Ka ƙara da ambaliyar da ta shiga kasuwar a 2022 da rigimar gine-gine a kan hanyoyin ruwa, ka ga labarin ya isa har ofisoshin gwamnati da kansa.

Ko ka ɗauki ɗan adaidaita sahu. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013, babur mai ƙafa uku ya zama abin da ke motsa garin. A bayan kowane direba akwai mai babur da ke jiran balas da yamma, akwai makanike, akwai mai karɓar haraji, akwai matar da ke jiran cefane, akwai fasinjojin da ke faɗin sirrinsu a kujerar baya kamar direban ba shi da kunne. A finafinanmu ɗan adaidaita yakan fito ne don ya sauke jaruma a ƙofar gida, ko don a nuna saurayi talaka ne kafin a gano ashe ɗan attajiri ne ya ɓad da kama. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa da suka rufe, da abin da ya samu 'ya'yan waɗanda suka yi aiki a cikinsu, da yadda hakan ya haɗu da daba da ƙwace waya da shaye-shayen da ya kai ga hana maganin tari mai kodin a 2018: wannan shi ne ainihin irin labarin da Simon ya ba da game da Baltimore. Namu yana nan ba a taɓa shi sosai ba.

Ba na cewa ba wanda ya gwada. Kwana Casa'in ya shiga siyasa da asibiti da aikin jarida, kuma mutane sun karɓe shi. Daɗin Kowa ya gina gari guda da almajiransa da 'yan gudun hijirarsa da masu unguwanninsa. Ba mamaki ba ne a ce duka biyun sun fito ne daga gidan talabijin da ke ɗaukar marubuta aiki su zauna tare, maimakon a kira mutum ɗaya a waya da tsakar dare. Marubuta irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman, da suka taso daga rubutun littafi, sun nuna hannun yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lokaci da iko.

Yanzu ga hujjar masu cewa kada a haɗa mu da Amurka. Ta farko kuɗi, kuma gaskiya ce. HBO tasha ce da masu kallo ke biya duk wata, don haka tana iya haƙuri da shirin da bai tara jama'a ba. The Wire bai tara ba. Lokacin da ake nuna shi masu kallonsa kaɗan ne idan aka gwada da manyan shirye-shiryen tashar, sai da Simon ya yi ta roƙo kafin a bar shi ya kai ƙarshe, zangon ƙarshe ma kashi 10 aka ba shi. Shirin bai taɓa cin lambar Emmy ba, wato babbar lambar yabo ta talabijin a Amurka. Darajarsa daga baya ta zo, lokacin da jami'o'i irin su Harvard suka sa shi cikin darasi, Barack Obama kuma ya ce yana cikin shirye-shiryen da ya fi so. Furodusan Kano da ya sayar da fili ya zuba a fim ba zai iya jiran Harvard ba. Shi ranar da aka saki kashi yake duba yawan waɗanda suka kalla a YouTube, idan ya ga lamba ta yi ƙasa, sati mai zuwa za a ƙaro kishiya.

Ta biyu hukuma. Muna da Hukumar Tace Finafinai tun 2001, kuma a watan Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda kan batun gabatar da su don tacewa kafin a saki. Wanda zai rubuta labarin da ya taɓa 'yan sanda ko 'yan siyasa ko masu filaye a Kano ya san ba da hukumar tacewa kaɗai zai gamu ba. Simon ma ya sha suka daga magajin garin Baltimore na lokacin, Martin O'Malley, wanda ke ganin shirin na ɓata sunan garinsa, amma suka ce kawai, ba ta hana aiki ba.

Akwai ta uku da ni zan ƙara musu. Simon ba waliyyi ba ne a rubutu. Ashar da tsiraicin da ke cikin aikinsa ba namu ba ne, kuma ba su ne suka sa ya yi kyau ba. Zangonsa na ƙarshe, na gidan jarida, mutane da yawa sun ga kamar ramuwar gayya ce a kan tsofaffin editocinsa, kuma ina cikin masu ganin haka: mugayen da ke ciki ba su da zurfin da ya ba dilolin ƙwaya. Sannan duniyarsa ta maza ce. Mata kaɗan ne suka samu cikakken wuri. A nan marubutanmu, musamman mata, sun fi shi. Abin da ake rainawa da sunan "labarin kishiya" shi ne fannin da aka fi rubutawa da sani a Kano, domin masu rubuta shi a cikinsa suka tashi. Sun san yadda uwar miji ke faɗar magana a fakaice, sun san abin da ake nufi da shirun amarya ranar girkin uwargida. Idan sin ɗin tsakar gida ya yi daɗi, na ofis ya yi lami, dalilin ɗaya ne: wancan an ji shi da kunne, wannan an kwaso shi daga wani fim.

To wannan shi ya sa hujjar kuɗi ba ta gamsar da ni gaba ɗaya. Abin da Simon ya kashe a farkon tafiyarsa ba dala ba ce, zama ne. Littafin rubutu da biro da haƙurin sauraro. Marubucin da zai yi wata biyu yana zuwa Dawanau kullum, ya zauna da dillalai da 'yan dako da direbobin tirela, kuɗin motarsa da abincinsa ba su kai abin da ake kashewa a kayan sawar jaruma na zango ɗaya ba. Ɗauko tsohon ɗan kasuwa ko nas mai ritaya ko tsohon magatakardan kotu a zaunar da shi da marubuta na sati guda ba zai karya kowa ba. Kammala rubutun zango gaba ɗaya kafin a kunna kyamara ma rage asara yake yi, domin furodusa zai san kwana nawa yake bukatar kowane ɗan wasa da kowane gida, ya ɗaure su da yarjejeniya tun farko. Da an yi haka, da ba a haifi ƙanwar nan a teburin mai shayi ba. Kuma yin hakan na sauƙaƙa zuwa gaban hukumar tacewa, tunda akwai cikakken abu a hannu da za a nuna a kuma kare.

Batun iko shi ne mai wuya, don ba wanda ke sakin wuƙa da son ransa. Ban ga alamar masu kuɗi za su wayi gari su ce marubuci ne shugaba ba, kuma ban ga laifinsu sosai ba, tunda wasu marubutan ma ba su san nawa ake kashewa a yini ɗaya na ɗauka ba, sai su rubuta taron biki na mutum ɗari biyar su tafi barci. Simon sai da ya zauna ya koyi kasafin kuɗi da aikin edita da zaɓen 'yan wasa a shirin wasu kafin a ba shi nasa. Marubucin Kano da ke son a daina yi wa labarinsa kaciya dole ya bi lokeshan ya sha rana, ya san abin da ke yiwuwa da wanda ba ya yiwuwa, ya nemi a rubuta masa kaso a abin da shirin zai samu maimakon kuɗin sallama. YouTube, duk da illarsa, ya rage tsayin katangar. A zamanin kaset sai ka bi ta hannun 'yan kasuwa. Yanzu marubuta uku da mai kyamara ɗaya na iya buɗe tasha, kuma asarar da za su yi idan abin bai karɓu ba ba ta kai ta da ba.

Na sake haɗuwa da abokin nawa kwanan baya, a teburin nan dai. Ƙanwar da ya ƙirƙira ta karɓu, har ta fi yayar farin jini, yanzu ita ke kan fosta. Ya faɗa yana dariya, amma ba dariyar jin daɗi ba. Sai ya buɗe wayarsa ya nuna mini wani abu da ya ce shekara uku yana rubutawa: kashi goma sha uku a kan 'yan dakon Kasuwar Singa, inda mahaifinsa ya yi aiki har bayansa ya ƙi. Na karanta sin biyu a tsaye. A ɗaya, 'yan dako huɗu na rabon kuɗin sauke tirela, ana gardama a kan ko za a cire kason wanda ya tafi jana'iza da rana. Ba a yi bayanin komai ba, kuma na gane kowa a cikinsu.

Ya kai wa furodusoshi biyu. Na farko ya tambaye shi wa zai auri wa. Na biyu ya ce yana so, amma a mayar da babban ɗan dakon ɗan mai kuɗi da aka sace yana jariri. Yanzu shi da wani mai ɗaukar hoto suna tara kuɗin kashi na farko da kansu, sun ce bayan sallah za su fara. Matsalarsu wurin ɗauka, don kasuwa ba ta tsayawa saboda fim, sai dai a samu mai sito da zai yarda a shiga da sassafe kafin motoci su fara shigowa. Ya tambaye ni ko na san wani a Singa. Na ce akwai surukin yayana, amma mutum ne mai wuyar sha'ani, kuma zai so ya karanta labarin tukuna. Abokina ya ce a ba shi, shi ma yana so ya ji inda ya yi kuskure a lissafin buhuna.